Dokar cinikin murjani mai rai: inda takardar CITES ta tsaya

A Amurka da Turai akwai masu sha'awar kafa tankin gilashi a falo, su cika shi da ruwan gishiri, su zuba murjani mai rai da ƙananan kifayen teku masu launi. Murjanin nan dabba ce, ko da yake a ido sai ka rantse dutse ne ko reshen itace. Yawancinsa daga tekun Indunusiya da Ostireliya ake kawo shi, kifayen kuma daga Indunusiya da Filifin.

Dokar da ke kula da wannan ciniki ita ce yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973, ta fara aiki a 1975. Duk murjani mai ƙashin dutse yana rukuni na biyu na yarjejeniyar, haka ma dokin teku, wani ƙaramin kifi mai kai irin na doki, tun 2004. Rukuni na biyu ba haramci ba ne. Ana iya sayarwa, amma kaya ba sa tsallaka iyaka sai da takardar izini daga ƙasar da aka ciro su. Kafin a ba da takardar, dole masana kimiyyar wannan ƙasa su tabbatar cewa abin da za a ɗiba ba zai durƙusar da jinsin ba, sannan hukuma ta gamsu cewa ba ta ɓarauniyar hanya aka samo shi ba. A jikin takardar akwai gurbin da ake rubuta asalin kaya: harafin W na nufin daga teku aka ciro shi kai tsaye.

Ƙasa na da ikon tsaurarawa fiye da haka. Indunusiya ta dakatar da fitar da murjani a 2018, ba ta sake buɗe ƙofa ba sai farkon 2020, shi ma ga wanda aka raina a gonakin cikin teku.

To, kifin fa? Nan gizo ke saƙar. Akasarin kifayen da ake zubawa a tankunan nan ba sa cikin jerin CITES kwata-kwata. Mai nutso kan shiga da gorar roba cike da gubar sayanayid, ya matsa ta cikin kogon murjani, kifi ya sume ya kwashe, murjanin da gubar ta taɓa kuma ya yi fari ya mutu. Filifin da Indunusiya duk sun haramta wannan. A Amurka, dokar Lacey ta mai da shigo da kifin da aka kama ta hanyar karya dokar wata ƙasa laifi. Sai dai a ganina ƙarfinta a takarda ya fi yawa, don kifin da ya yi kwanaki a hannun dillalai kafin ya sauka a Los Angeles, da wuya jami'i ya iya tabbatar da yadda aka kama shi.

Saboda haka idan mai shago ya ce kayansa na da takardar CITES, galibi maganar murjani yake yi. Game da kifi, sai mai saye ya tambaya da bakinsa: a tanki aka ƙyanƙyashe shi, ko da raga aka kama shi, kuma a wace ƙasa?