Hatsarin mota ya wuce amma tsoro da mugun mafarki sun ƙi tafiya: tambayoyi da amsoshi

Duk mai bin hanyar Tanout, ko ta Takieta a nufi Maradi, ko ta Matameye zuwa Kano, ya san hatsari ba baƙon abu ba ne a wajenmu nan Damagaram. Ana zuwa jaje a duba karaya a ce Allah ya kiyaye gaba a watse, amma ba wanda ke tambayar yadda mutum ke kwana. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Na fita ko ƙwarzanen kirki ba ni da shi, to me ya sa har yanzu gabana ke faɗuwa?

Saboda ba sai an ji ciwo ba. A ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa tsaro, ranar hatsarin shi ya sa jiki ya zubo sinadarin adirenalin, zuciya ta hau bugu, gumi ya keto. Bayan nan sai ya zama kamar maigadin da ɓarayi suka taɓa shigar masa, ko mage ta taɓa ƙyaure sai ya zabura da sanda. Shi ya sa ƙarar birki, warin esans, ko kamiyo ya danna oda a bayanka wajen kasuwar Dole, sai ka ji ƙafafunka sun saki alhali ka san ba komai. Ba ragwanta ba ce wlh, direbobin da suka shekara ashirin a hanya ma abin na kama su, kawai dai ba sa faɗa a tasha.

Har yaushe zai ɗauka?

Makonnin farko kusan kowa na ji, kuma yawancin mutane abin na lafawa da kansa. Likitoci na sa ido ne a kan wata 1. In ya wuce wata kana ta mafarkin, abin na dawo maka da rana ido biyu kamar yanzu yake faruwa, kana gudun mota, ga saurin fushi da rashin barci har ya taɓa sana'arka ko zamanka da iyali, to ana iya cewa ya zama ciwon da suke kira PTSD, wato firgicin da ke zaunawa bayan tashin hankali. Tun 1980 aka shigar da shi cikin jerin cututtukan da aka sani, kuma ana warkewa.

Mafarkin nan iri ɗaya ne kullum, ya zan yi da shi?

Abu biyu ne, na dare da na rana. In ka farka a firgice kada ka ci gaba da kwanciya cikin duhu kana juya abin, tashi zaune ka kunna tocila, ka taka ƙasa da tafin ƙafa, ka kalli abubuwan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ga buta, ga gidan sauro, ga rigarka a ƙusa, ka faɗa wa kanka yau wace rana ce kuma a ina kake. Ka ja numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, wannan ke kwantar da bugun zuciya.

Na rana shi mutane ba su sani ba, kuma ni a ganina ya fi amfani. Da rana tsaka hankalinka kwance, ka ɗauki mafarkin ka canza masa labari da kanka. Misali kullum kana ganin taya ta fashe motar ta yi cikin daji tana juyawa, to sai ka tsara cewa direba ya riƙe sitiyari ya gangara gefe ya tsaya, kowa ya sauko, har ga mai tallar dabino ta matso, yaron mota na kwance safaya kuna ta surutu. Ka rubuta ko da ajami ne, ko ka ɗauka a murya a wayarka, sannan kullum ka zauna minti 10 zuwa 20 kana kallon sabon labarin a zuci. Zai yi maka kamar wasan yara da farko, amma hanya ce da masana barci suka gwada suka ga tana rage yawan mafarkin da zafinsa, sai dai tana son a jure wasu makonni, ba ta kwana ɗaya ba ce. In ka ga tuno abin na rikita ka sosai, kada ka tilasta, ka yi shi tare da ma'aikacin lafiya.

Ai an hana faɗin mugun mafarki, kuma a gida cewa ake iska ce ta taɓa ni

Gaskiya ne hadisi ya koyar da a nemi tsari daga Shaiɗan, a yi tofi sau uku ta hagu, a juya kwanciya ko a tashi a yi salla, kuma kada a bayar da labarinsa. Ka riƙe wannan, har alwalar ma na taimakawa don ruwan sanyi na dawo da mutum hayyacinsa. Amma fahimtata ita ce bazawa a fada ana fassara maka daban, gaya wa likita don neman magani daban, ka tambayi malaminka ka ji. Batun iska kuwa, mutum ya ga mutuwa da idonsa, ƙila na kusa da shi a kujera bai tashi ba, me kuma ake nema bayan wannan? A yi addu'a a kuma je asibiti, ɗaya bai hana ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce masa imaninsa ne ya yi rauni, wannan ƙara masa kaya ne kawai.

Na daina shiga mota gaba ɗaya, ba shi kenan ba?

A'a, nan ne tarkon yake. Duk ranar da ka guje wa mota za ka ji sanyi a ranka, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ai gudun ne ya cece ka, gobe tsoron ya ƙaru. A hankali ake komawa. Fara zama cikin motar da ke tsaye da wani wanda ka yarda da shi, ka zauna har bugun zuciyar ya sauka da kansa kafin ka fita. In wannan ya zama ba komai, a zagaya da kai cikin gari daga Birni zuwa Zango, sannan Mirriah da ba ta wuce kilomita 20 ba, da safe ba da dare ba. Kada wani ya ce ka daure ka shiga kar ta Yamai kai tsaye, kusan kilomita 900 ne fa. Kuma tsoron direba mai gudu ko motar da aka yi wa lodi har sama, wannan hankali ne, ka sa bel, ka ce a rage gudu, in an ƙi ka sauka.

In sha ƙwayar barci?

Ba ta hannun mai tallar magani a tire ba dai. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba manya ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diyazefam don firgita ko rashin barci a watan farko bayan abin tashin hankali, suna saurin kama jiki kuma ba sa cire tushen. Tiramol kuwa kar ma a fara. Abin da hukumar ta fi ƙarfafawa shi ne jinyar zama da ƙwararre ana bin abin da ya faru daki-daki. Sai shayin fada, in kana shan na ɗaya da na biyu da na uku bayan isha'i to kai ma kana taya rashin barcin, ka mayar da shi na hantsi, ka kuma daina kallon bidiyon hatsari da ake turowa a WhatsApp.

Yaushe ne zuwa asibiti ya zama dole?

In ka bugu a kai, sannan ga ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan gyangyaɗi, ruɗewa, ko gefe ɗaya ya yi nauyi, ko da makonni sun wuce, wannan na gaggawa ne don jini na iya taruwa a hankali cikin kai. Haka in kana jin gara ka mutu, ko kana ta zargin kanka kan wanda ya rasu har ka kasa ci, ka gaya wa wani yau ɗin nan a raka ka. Fara daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, su za su tura ka babban asibitin ƙasa na Damagaram wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa can ba ya nufin hauka.

Ɗana ne abin ya shafa, ko maigidana, me zan yi?

Yaro ba zai ce ina tsoro ba, sai dai ki ga ya koma fitsarin kwance, ya manne miki, ko yana ta karo da motocin gwangwaninsa. Kada a dake shi, ki bar shi ya kwana kusa da ke na ɗan lokaci, ya ci gaba da zuwa lakwal da makarantar allo yadda ya saba. Babba kuma kada a matsa masa sai ya ba kowane mai jaje labari daga farko, in ya so magana a saurara, in ya yi shiru a zauna da shi haka nan. In ya zabura cikin dare ki kira sunansa a hankali daga ɗan nesa kafin ki taɓa shi, don wani cikin firgita yana iya kai hannu bai sani ba.