Taransisto a fedar faz ta jita: zaɓe, awo da gano matsala

Fedar faz ƙaramar na'ura ce da ake sawa tsakanin jita mai lantarki da amfilifaya, tana ƙara wa sauti ƙarfi har ya kakkarye ya koma gurnani mai kauri. Kamfanin Gibson ya fitar da Maestro FZ-1 a 1962, amma wadda masu haɗawa a gida suka fi kwaikwaya ita ce Fuzz Face, wadda kamfanin Arbiter ya fara yi a Landan a 1966. Kayan cikinta 'yan kaɗan ne: taransisto biyu, resisto huɗu, kafasito uku da maɓallan murɗawa biyu. Saboda haka halin taransiston ne ke yanke hukuncin sautin, kuma lambar da ke jikinsa ba ta isa shaida ba, sai an auna.

Jamaniyam da silikon

Jamaniyam da silikon su ne sinadaran da ake yin taransisto da su, PNP da NPN kuma iri biyu ne na taransisto da wuta ke bi cikinsu ta fuskoki masu akasin juna. Fedojin Fuzz Face na farko sun yi amfani da jamaniyam irin PNP, kamar NKT275, daga baya aka koma silikon irin NPN, kamar BC108 da BC183. Jamaniyam yana fara aiki da bolt 0.2 zuwa 0.3 tsakanin bes da emita (biyu daga cikin ƙafafun taransisto uku, ta ukun ita ce kolekta), silikon kuwa sai 0.6 zuwa 0.7. Sautin jamaniyam ya fi taushi, kuma idan aka rage murya daga jikin jita yakan washe. Aibinsa biyu: yoyon wuta (wutar da ke ratsa shi ko ba a ba wa bes komai ba) da rashin jure zafi.

Sabon jamaniyam yana da wuyar samu. A Jos, masu gyaran rediyo na wajen Taminus ne madogara, domin tsofaffin rediyoyin Japan suna ɗauke da irin su 2SB54, 2SB56 da 2SB175, duk PNP. A sayo fiye da buƙata, don ba duka za su ci jarrabawa ba.

Yadda ake aunawa

Abin da ake nema shi ne ƙarfin ninkawa, wato sau nawa taransisto ke ninka wutar da ta shiga bes, wanda ake rubutawa hFE. Masu haɗawa sun fi son na taransisto na farko ya kasance wajen 70 zuwa 85, na biyu 110 zuwa 130. Ramin hFE da ke jikin mitar awon lantarki yana yaudara a kan jamaniyam, domin yana haɗa yoyo da ninkawa ya ba da lamba mai kumburi. Taransiston da mita ta ce 150 yana iya zama 80 ne kawai.

Hanyar da ta fi inganci tana buƙatar batir mai bolt 9 cif, da resisto mai kilo-om 2.47 a ƙafar kolekta, da wani mai mega-om 2.2 a ƙafar bes. Da farko a bar bes a sake, a auna bolt a kan resiston kolekta. Wannan shi ne yoyon: bolt 0.25 na nufin kusan mikro-amfiya 100. Sannan a haɗa resiston bes a sake awo, a ɗebe lambar farko daga ta biyu, a ninka da 100. Idan aka samu 0.25 sannan 1.05, ninkawar gaske 80 ce. Wanda yoyonsa ya haura mikro-amfiya 300 gara a ajiye shi. Kada a riƙe shi da yatsu lokacin awo. Ɗumin hannu kaɗai yana sa lambar ta yi ta hawa. A ɗauke shi da hantsaki, a jira minti ɗaya ko biyu.

Zafi da daidaita wuta

Bayan an haɗa, a auna kolektan taransisto na biyu. Ya kamata a samu kusan bolt 4.5, rabin batir ke nan. Idan ya haura zuwa 7 ko sama, sauti zai riƙa yankewa yana tofar da kansa, ƙarar tsirkiya ta mutu tun ba ta gama ba. Maganin shi ne a cire resisto mai kilo-om 8.2 a sa na murɗawa mai kilo-om 20 a gurbinsa. Ƙara om yana saukar da bolt, ragewa yana ɗaga shi.

Yoyon jamaniyam yana ninkawa kusan sau biyu a duk ƙarin digiri 10 na zafi. Fedar da aka daidaita da sanyin safiyar hunturu a Jos za ta sauya hali idan aka kai ta biki a Abuja cikin watan Maris, ballantana a bar ta a but ɗin mota. Mai yawan tafiya ya fito da maɓallin daidaitawar waje, ko ya haƙura ya koma silikon.

Matsalolin silikon

Silikon ba ya damuwa da zafi sosai, amma ninkawarsa takan yi yawa. BC108C da BC547C suna tsakanin 420 da 800, abin da ke kawo kaifi, fito, wani lokaci ma a ji tashar rediyo a lasifika. BC547A mai 110 zuwa 220 ya fi dacewa, haka ma 2N3904 idan an tsinto masu ƙaramin hFE. Kafasito mai pikofarad 100 zuwa 470 tsakanin kolekta da bes yana kashe fiton.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne juya ƙafafu. Idan fuskar mai rubutu tana kallonka, ƙafafu suna ƙasa, 2N3904 yana jere emita, bes, kolekta. BC547 akasin haka. C945 da C1815 da suka cika shagunan gyara kuwa emita, kolekta, bes. Feda ta yi tsit ko ta yi rauni, nan ake fara dubawa.

Wuta da wurin sakawa

Tsarin PNP na asali yana haɗa fozitib (gefen ƙari na batir) da giraun (layin da duk wutar ke komawa ta kansa), don haka ba a raba masa adafta ɗaya da sauran fedoji, in ba haka ba wuta ta yi shot. A ba shi batir nasa. Wanda ya musanya PNP da NPN dole ya juya batir da kafasito biyu masu alamar ƙari da ragi. Fedar ta fi son jita ta shigo mata kai tsaye, kafin kowace feda. Wajen dalma kuma a yi amfani da soket, ko a kama ƙafar da filaya ta shanye zafin, domin jamaniyam yana lalacewa cikin 'yan daƙiƙu a ƙarƙashin ƙarfen dalma.