Adabin Wariya da Rashin Ganin Mutum

Adabin wariya rukuni ne na littattafai, ƙagaggu da na nazari, da ke magana a kan mutumin da jama'a suka yanke wa hukunci tun kafin ya buɗe baki, saboda launin fatarsa ko asalinsa ko gidan da ya fito. Kukansu ɗaya ne: ana kallon mutum amma ba a ganinsa, abin da ake gani shi ne sunan da aka laƙaba wa irinsa. Fitattun littattafan wannan fanni yawanci daga baƙaƙen fatar Amurka suka fito, domin can ne aka mayar da launi doka, tun daga bautar da aka soke a 1865 har zuwa dokokin raba baƙi da fari da suka kai shekarun 1960.

Sai dai batun ya girmi Amurka. A ƙarni na 9, Al-Jahiz na Basra ya rubuta risala kan fifikon baƙaƙe a kan farare. A 1615 kuma Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta Mi'raj al-Su'ud, amsa ga tambayar mutanen Tuwat, wani yanki a hamadar Aljeriya ta yau, game da bayin da ake kai musu daga ƙasashen baƙar fata. Ya ce baƙin launi ba hujjar bautar da mutum ba ne, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Borno cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba.

Littattafan Amurka da Faransa

W.E.B. Du Bois ne ya aza harsashin zamani da The Souls of Black Folk a 1903. Ya bayyana yadda baƙar fata ke rayuwa da idanu biyu, nasa da kuma na wanda ke raina shi, har ya riƙa auna kansa da ma'aunin maƙiyinsa. Du Bois ya ƙare rayuwarsa a Accra a 1963.

Wanda ya fi kowa kama zuciyar al'amarin shi ne Ralph Ellison, a Invisible Man na 1952, wanda ya ci babbar kyautar littafi ta Amurka a 1953. Mai ba da labarin ba shi da suna daga farko har ƙarshe. An kore shi daga kwalejin baƙaƙen fata a kudu, ya tafi New York, ya sami aiki a masana'antar fenti inda ake ɗiga baƙin ruwa cikin farin fenti don ya ƙara haske, sannan wata ƙungiyar siyasa ta ɗauke shi ya zama bakinta a unguwar Harlem. Shugaban kwaleji da attajirin da ke ba da tallafi da 'yan gwagwarmaya, kowa ya ga abin da zai amfana da shi, babu wanda ya ga yaron. A ƙarshe ya koma zama a wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa da ya cika da ƙwayayen lantarki 1,369, da wutar da yake sata. Ƙarfin littafin shi ne ya ɗora cutar a idon mai kallo, kuma bai ƙyale masu cewa suna taimako ba. Yana da tsawo, wasu sassan suna da nauyi, amma ya cancanci haƙurin mai karatu.

A shekarar 1952 ɗin dai Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan tsibirin Martinique, ya fitar da littafinsa da Faransanci kan baƙar fata mai sanye da farar fuska, inda ya nuna yadda mulkin mallaka ke shiga harshe da soyayya. James Baldwin ya biyo baya da The Fire Next Time a 1963, gajere, wanda ya buɗe da wasiƙa zuwa ga ɗan ɗan'uwansa.

Toni Morrison, wadda ta ci kyautar Nobel a 1993, ta kai batun cikin gida. A The Bluest Eye na 1970, ƙaramar yarinya Pecola tana roƙon Allah ya ba ta shuɗayen idanu, saboda ta yarda cewa muninta ne ya sa ba a ƙaunarta. Duk wanda ya ga yadda man bilicin ke tafiya a kasuwanninmu ba zai ɗauki labarin a matsayin na nesa ba.

'Yan Najeriya a waje sun ba da nasu. Buchi Emecheta ta rubuta Second Class Citizen a 1974 kan wata mata a Landan da ake hana ta hayar ɗaki saboda launinta, mijinta kuma yana danne ta a gida. Americanah na Chimamanda Ngozi Adichie, 2013, ya nuna budurwar da ba ta taɓa ɗaukar kanta baƙa ba sai da ta sauka Amurka.

A Zazzau

Ɗalibin da ya ci karo da waɗannan littattafai a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, zai iya cewa wannan damuwar Turai ce. A nan ba launi ne babban ma'auni ba, asali ne: ɗan wane ne, daga ina kakansa ya zo, ɗan gari ne ko baƙo. Tsarin garin ma yana ɗauke da wannan tarihi, domin a zamanin Turawa an ware Birni ga 'yan ƙasa, Tudun Wada ga baƙin Arewa, Sabon Gari ga mutanen Kudu. Har yau wanda aka haifa a Sabon Gari na iya rasa takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma.

Kuma Zariya na da hannu a littattafai biyu da suka shiga wannan sahu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa ya fito ne daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya ƙarƙashin Rupert East a 1933. Labarin yaro ne da aka sace, ya ƙetare Sahara, ya zama malami. Amma mahaifiyarsa ce ta fi tsaya wa mai karatu a rai: ta fita nemansa, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ba ta sake ganinsa ba sai dab da rasuwarta. Na biyu shi ne Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Tsohuwar, Baba, ta yi maganar rinji (ƙauyen noma na bayi) da bayin gidansu da harin masu kama mutane da aure-aurenta, abubuwan da tarihin sarauta ba ya tsayawa a kansu.

Na kusa-kusan nan shi ne Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda ya karanta shari'a a Zariya. An buga shi a 2015, kuma almajiri ne mai suna Ɗantala ke ba da labarin da bakinsa, daga kwana a gindin kuka da yaran bangar siyasa har zuwa wani masallaci a Sakkwato. Yaro irinsa yana tsaye a ƙofar kusan kowane gida a Tudun Wada da Kwangila, ana miƙa masa saura ana ce masa "almajiri", kuma da wuya a sami wanda ya tambayi sunansa ko garinsu. Littafin da Turanci yake, harshen da akasarin irin waɗannan yara ba sa karantawa.