Waiwaye: Yadda Gasar Ƙwallon Sikotland Ta Yi Ta Sauya Riga Ba Ta Sauya Hali Ba

Duk wanda ya saba zama a gidan kallo ranar Asabar ya san hankalin jama'a yana Ingila da Sifaniya ne. Ba a cika tuna Sikotland ba sai ranar da Celtic da Rangers za su kara, ko in wani ɗan Najeriya ya ci ƙwallo a can. Alhali ƙasar nan tana cikin iyayen gidan ƙwallon ƙafa. A Glasgow aka buga wasan farko tsakanin ƙasa da ƙasa a 1872, Sikotland da Ingila suka tashi babu ci. Hukumar ƙwallon ƙasar ta kafu a 1873. Kai, ko gasar lig ta Ingila da aka fara a 1888, William McGregor ne ya kawo shawararta, shi kuwa ɗan Sikotland ne da ke shugabanci a Aston Villa.

Ganin yadda tsarin ya karɓu a Ingila, inda kuma ake ta kwashe musu 'yan wasa da albashi, sai ƙungiyoyin Sikotland suka kafa tasu gasar a 1890. Goma sha ɗaya ne suka fara, amma tun ba a je ko'ina ba aka kori Renton kan rikicin da ya shafi dokar hana biyan 'yan wasa, saura goma suka ƙarasa. Dumbarton da Rangers suka gama da maki daidai, aka sa musu wasan raba gardama, nan ma aka tashi 2-2, sai aka raba musu kambun. Queen's Park, wadda ita ce babbar yaya a ƙwallon ƙasar, ta ƙi shiga domin tana ganin lig hanya ce ta mayar da wasa sana'a. Sai 1900 ta sauko, kuma ba ta yarda ta fara biyan 'yan wasanta albashi ba sai 2019. A 1893 aka halatta biyan 'yan wasa, a shekarar kuma aka buɗe rukuni na biyu.

Daga ranar da kuɗi ya shigo, birnin da ya fi jama'a shi ya riƙe wuƙa da nama. Rangers, wadda aka kafa a 1872, ta zama ta Furotesta masu son zama cikin Birtaniya. Celtic kuwa wani malamin Katolika ɗan Ailan mai suna Brother Walfrid ne ya kafa ta a 1887, domin a tara abin ciyar da talakawan gabashin Glasgow, waɗanda akasarinsu baƙi ne daga Ailan. Gabar addini da siyasa ta raba su, amma ita ce kuma ta cika musu filaye da aljihu, shi ya sa ake haɗa su da suna guda, Old Firm. Duk da haka a da ana samun masu ƙwace musu kambu. Hibernian ta ci sau uku tsakanin 1948 da 1952, Hearts ta ci a 1958 da 1960, Dundee a 1962, Kilmarnock a 1965.

Daga nan sai Jock Stein ya zo Celtic a matsayin koci, ya lashe gasar sau tara a jere daga 1966 zuwa 1974, ya kuma ɗauko kofin Turai a 1967 bayan doke Inter Milan 2-1 a Lisbon. 'Yan kallo suka fara raguwa a sauran filaye, domin rukunin farko mai ƙungiyoyi 18 ya cika da wasannin da ba su da wani tasiri. Maganin da aka kawo a 1975 shi ne a rage na saman zuwa goma, kowa ya haɗu da kowa sau huɗu a kaka. Da farko kamar an dace. Aberdeen ƙarƙashin Alex Ferguson ta ci gasar a 1980 da 1984 da 1985, ta doke Real Madrid a wasan ƙarshe na wani kofin Turai a 1983, shekarar da Dundee United ta Jim McLean ita ma ta zama zakara. Sai dai a farkon shekarun 1980 ɗin aka daina raba kuɗin ƙofa tsakanin mai masauki da baƙo, kowa ya riƙe abin da ya tara a filinsa. A ganina wannan shawara ta fi duk wani sauyin suna tasiri, domin mai filin da ke cin mutum dubu hamsin ba zai taɓa zama daidai da mai dubu goma ba. Daga bayan nasarar Aberdeen ta 1985 har zuwa kakar da ta ƙare a 2025, shekara arba'in cur, babu wanda ya ɗaga kofin nan in ba Celtic ko Rangers ba. A ƙarshen waccan kakar kowaccensu tana da 55.

A 1998 ƙungiyoyi goma na sama suka ɓalle, suka kafa tasu gasar mai suna SPL, kamar yadda takwarorinsu na Ingila suka yi a 1992. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, suna so su riƙe kuɗin talabijin da na talla ba tare da rabawa da ƙananan ba. A 2000 suka koma 12, sai lissafi ya rikice, domin haɗuwa huɗu-huɗu za ta kai wasa 44. Shi ya sa aka ƙirƙiro tsarin da ake bi har yau: bayan wasa 33 a raba teburin gida biyu, shida na sama su kara da juna, shida na ƙasa ma haka, a tashi da wasa 38. Wani lokaci sai ka ga ta bakwai ta fi ta shida maki amma ba ta da ikon haye ta. Aka kuma gindaya sharaɗin cewa duk mai son hawowa sai da filin da ke da kujeru 10,000. Wannan ne ya hana Falkirk hawa a 2003 bayan ta ci rukuninta da guminta, kafin daga baya a rage adadin zuwa 6,000. Sannan manyan shawarwari ba sa wucewa sai ƙungiyoyi 11 cikin 12 sun amince, ma'ana in manyan biyu suka haɗa baki, zance ya ƙare. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami.

Neman kamo manya da bashi ya jefa ƙungiyoyi da dama cikin rami. Gretna ta taso daga rukuni na huɗu zuwa na farko cikin shekara uku da kuɗin mutum ɗaya, da ya kwanta ciwo a 2008 sai ta rushe. Amma abin da ba wanda ya zata shi ne faɗuwar Rangers kanta. A Fabrairun 2012 bashin haraji ya sa aka karɓe ragamar kamfaninta, daga baya aka rushe shi, wani sabon kamfani ya sayi kadarorin. Da aka zo ƙuri'ar ko za a bar ta a rukunin sama, ƙungiyoyi goma suka ce a'a, Kilmarnock ta ƙaurace. Shugabannin da yawa sun so su lallaɓa saboda tsoron asarar kuɗin talabijin, magoya bayansu ne suka tsaya kai da fata suka ce ba za su sayi tikitin kaka ba in aka yi rufa-rufa. Haka Rangers ta koma rukuni na huɗu, ta fara da canjaras 2-2 a garin masunta na Peterhead, ba ta dawo sama ba sai 2016.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne damar da aka bari ta suɓuce a wannan tsakanin. Rangers ba ta nan, Celtic ita kaɗai ba za ta iya tare ƙuri'a ba, ga hanyar soke dokar 11 cikin 12 a buɗe. Sai Aberdeen ta bi bayan Celtic, dokar ta tsira.

A Yunin 2013 aka sake haɗe gasannin biyu suka zama SPFL, mai ƙungiyoyi 42 a rukuni huɗu: Premiership mai 12, sai Championship da League One da League Two masu goma-goma. Ta ƙarshe a Premiership tana faɗawa kai tsaye, ta 11 kuma sai ta kare kujerarta a wasan neman gurbi da wadda ta fito daga cikin ta biyu zuwa ta huɗu a Championship. Gyaran da ya fi burge ni a ƙasa aka yi shi. A da wadda ta zo ta ƙarshe a rukuni na huɗu ba abin da ke samunta, ko shekara nawa ta yi tana jan wutsiya. Daga 2015 ya zama dole ta kara da zakaran da ya fito tsakanin gasar Highland ta arewa da ta Lowland ta kudu. East Stirlingshire ce ta fara faɗawa ta wannan hanya a 2016, Edinburgh City ta maye gurbinta. A 2019 Berwick Rangers, wadda garinta ma a cikin Ingila yake, ta bi sahu.

Haɗewar ba ta kashe rigima ba. A 2020, da annobar korona ta tsayar da wasa, aka kaɗa ƙuri'ar rufe kaka mai cike da ce-ce-ku-ce, musamman kan yadda Dundee ta sauya matsayi. Hearts da Partick Thistle da Stranraer suka faɗa ba tare da an ƙarasa wasanni ba, har Hearts da Partick suka garzaya kotu, ba su yi nasara ba. Celtic ta samu na tara a jere a shekarar, sai Rangers ta Steven Gerrard ta hana ta na goma a 2021, ba tare da an doke ta ko sau ɗaya a lig ba.

'Yan wasanmu sun taka rawa a wannan zamanin. Efe Ambrose, haifaffen Kaduna, ya ci gasar da Celtic kafin ya koma Hibernian, Rabiu Ibrahim ɗan Kano ya buga wa Celtic da Kilmarnock, Umar Sadiq ya yi ɗan zaman aro a Rangers a 2018. Joe Aribo kuwa shi ya ci wa Rangers ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Europa a 2022 a Seville, inda Eintracht Frankfurt ta farke, ta kuma yi nasara a bugun fenariti.