Bel ɗin tsere a motar da ba ta da kejin ƙarfe: tambayoyi da amsoshi

Bel mai ɗauri huɗu ko shida bai fi na kamfani tsaro ba?

A motar tsere ya fi, domin can yana aiki tare da kejin ƙarfe (bututun ƙarfe da ake girkawa cikin mota don hana rufi lotsewa), kujera mai kafaffen baya, hular kwano da na'urar riƙe wuya. A motar gida kuwa, bel mai ɗauri uku, wanda Nils Bohlin ya ƙera wa Volvo a 1959, shi aka gwada tare da jakar iska, da na'urar da ke tsuke shi lokacin karo, da wadda ke ɗan sake shi kada ƙirji ya karye. Wanda ya cire shi ya sa na tsere kaɗai ya rushe wannan tsari.

Me ke faruwa idan mota ta kife?

Nan ne babban haɗarin. Rufi yakan lotsa, musamman ta ginshiƙan gilashin gaba. Bel ɗin kamfani kafaɗa ɗaya ya riƙe, don haka jiki na iya karkata zuwa tsakiyar mota. Na tsere ya ɗaure kafaɗu biyu tamau, direba na zaune cak, kansa ne mafi tsawo a kujerar. In rufin ya sauko, nauyin mota ya bi ta ƙoƙon kai zuwa ƙasusuwan wuya. Karkatar da bel ɗin kamfani ke bari ba tabbacin tsira ba ce, amma ta fi rashinta. A mota marar rufi abin ya fi muni.

Sandar da ake gittawa bayan kujeru fa?

Aikinta riƙe igiyoyin kafaɗa kawai. Ba ta hana rufi lotsewa.

Ina ake ɗaura igiyoyin kafaɗa?

Su fita daga kafaɗa a miƙe zuwa baya, ko su sunkuya ƙasa da abin da bai wuce digiri 20 ba, kuma gajartarsu ta fi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaura su a daɓen mota bayan kujera. Idan aka yi karo, igiyar sai ta danna kafaɗu ƙasa ta matse ƙashin baya, ko ta karya bayan kujerar. Duk inda za a huda jikin mota a sa noti, ƙa'idar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ita ce a goya farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 da faɗin da bai gaza santimita murabba'i 40 ba. In babu shi, noti yakan yage ƙarfen jikin motar ya fito.

Me ya sa ake kushe mai ɗauri huɗu?

Igiyoyin kafaɗa kan janye na ƙugu sama, ya bar ƙashi ya hau ciki. Direba ya sulale ta ƙarƙashinsa, hanji da hanta su sha matsa. Igiyar tsakanin cinyoyi ta mai ɗauri biyar ko shida ce ke hana haka, kuma dole ta bi ta ramin da ke gindin kujera, ba ta kan bakinta ba. Kamfanin Schroth na yin mai huɗu da wani ɗinki da ke warwarewa a kafaɗa ɗaya don rage sulalewar, sai dai wannan bai taɓa matsalar rufi ba.

Wuya fa?

Lokacin karo jiki ya tsaya, kai da nauyin hula su ci gaba da tafiya. Karayar gindin ƙoƙon kai ce ta kashe direban tsere Dale Earnhardt a tseren Daytona na 2001 a Amurka, kuma a shekarar NASCAR, hukumar da ke shirya tseren, ta wajabta na'urar riƙe kai irin HANS.

To a sa keji a huta?

Keji na mai hular kwano ne. A titi, tsiraicin kai na iya bugun bututun ƙarfe ko a ƙaramin karo. Ga motar da ke zuwa filin tsere jefi-jefi, a sa bututun ƙarfe ɗaya da aka lanƙwasa kamar baka bayan kujeru, nesa da kai, ƙwararre ya girka shi kan faranti masu ƙarfi, samansa ya ɗara hular direba da aƙalla santimita 5. A bar bel ɗin kamfani a wurinsa don hawa titi. A duba tambarin ranar ƙarewar bel ɗin tsere ma: na FIA shekara 5 ne, na ma'aunin SFI 16.1 na Amurka shekara 2, kuma wanda ya taɓa shiga karo mai ƙarfi a yanka shi a zubar.