Gudun Turba a Gaɓar Tsibiri: Me Ake Nufi da Shi?

Gudun turba, wanda masu harkar a duniya ke ce wa "tirel", gudu ne da ake yi a 'yar siririyar hanyar da sawun mutane ko na dabbobi ya fitar, ta kan duwatsu, ta cikin kurmi, ko ta bakin teku. Yana da ƙa'ida a rubuce. Ƙungiyar ITRA, wadda aka kafa a 2013 domin tsara wasan, ta ce kwalta ko siminti kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na tsawon hanyar. A 2015 kuma hukumar guje-guje ta duniya ta karɓe shi a matsayin reshe mai zaman kansa. Akwai gajere na kilomita 10 ko 20, akwai kuma wanda ya haura fanfalaki, wato kilomita 42 da 'yan kai, har ya kai ɗari da wani abu, ana kwana ana tashi a hanya.

Wanda bai sani ba, da ya ji an ce gaɓar teku sai ya ƙiyasta shimfiɗaɗɗen rairayi, ga iska tana kaɗawa, mutum na gudu hankali kwance. Akwai irin wannan gaɓar, amma ba ita ake magana ba. Tsibiran da suka yi suna a wannan wasa yawancinsu aman wuta ne ya tofo su daga ƙarƙashin teku, irin Madeira ta ƙasar Fotugal, da La Palma da Gran Canaria a tsibiran Kanari na Sifaniya, da Réunion ta Faransa a Tekun Indiya. A irin waɗannan wurare dutse kan yanke ne tsaye ya faɗa ruwa. Kowane rafi da ya gangaro daga tsakiyar tsibirin ya riga ya haƙa wa kansa kwari mai zurfi kafin ya isa teku. Mai bin gaɓa dole ya sauka cikin kowane kwari, ya tsallaka, ya sake haurawa, sannan ya tarar da wani na jiran sa. Hawa ɗaya ba zai ba ka tsoro ba, ƙila mita 80 ne ko 150. Yawan maimaituwarsa ne ke cinye ƙafa, domin ba inda za ka samu ka daidaita taki da numfashi na tsawon lokaci.

Shi ya sa a wannan wasa ba a tambayar tsawon hanya kaɗai. Tambaya ta biyu, wadda a ganina ta ma fi ta farko muhimmanci, ita ce hawa nawa ne a ciki? Ana tara duk mitocin da aka haura tun daga farko har ƙarshe, ba tare da an cire gangara ba. ITRA na da lissafi mai sauƙi na auna wahala: kowace mita 100 ta hawa daidai take da ƙarin kilomita ɗaya. A ɗauki tseren MIUT na Madeira, wanda ke tashi daga Porto Moniz a arewa maso yamma ya ƙare a Machico a gabas. A 2022 tsawonsa kilomita 115 ne, hawansa kuwa ya kai wajen mita 7,000. A wannan lissafi, mai gudu ya yi aikin da ya kai na kilomita 185. Gwanayen fanfalaki kan gama kilomita 42 a kwalta cikin awa biyu da 'yan mintuna, amma zakarun MIUT kan kwashe wajen awa 13 zuwa 14. A 2022 Amurkawa biyu ne suka lashe shi, Jim Walmsley a maza, Courtney Dauwalter a mata.

Tafiya ba abin kunya ba ce a nan. Ko zakarun, idan hawa ya yi tsanani, dafa gwiwa suke yi ko su dogara sanduna biyu su haura da sauri, saboda gudu a irin wannan tudu ɓarnar ƙarfi ce kawai. Sabon shiga ne ke nacewa sai ya gudu ko'ina, kafin rabin hanya kuwa ya yi laushi.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafa shi ma karatu ne. Cikin kilomita guda za ka iya taka abu iri huɗu ko biyar. Ga baƙin dutsen aman wuta mai kaifi da ke yanka takalmi. Ga tsakuwa mai mirginawa. Ga busasshen rairayi da ke haɗiye rabin ƙarfin kowane taku, wanda ya sa masu wayo ke bin gefen da ruwa ya jiƙa ya danne. Mafi mugunta shi ne falalen dutsen da feshin teku ke jiƙawa kullum, gansakuka ta yi masa kore ko baƙi-baƙi. Ido zai ce maka busasshe ne, ƙafa na sauka sai ka ji ka a ƙasa. Gogaggen mai gudu ba ya kallon yatsunsa, yana jefa ido 'yan taku gaba, ya zaɓi inda zai sa ƙafa tun kafin ya iso, ya gajarta taku, ya ɗan buɗe hannuwa. Takalmin ma daban ne, ƙasansa na da haƙora na roba masu tsawon milimita huɗu zuwa shida. Duk da haka targaɗen idon sawu na cikin raunukan da aka fi samu. Idan kana son kallon teku, tsaya cak ka kalla, ka ƙoshi, sannan ka ci gaba.

Mutane kan ji tsoron hawa, alhali gangara ce ke karya jiki. Lokacin sauka, naman gaban cinya na aiki ne a matsayin birki, yana riƙe nauyin jiki yayin da yake miƙewa, wannan ne ke haddasa 'yan ƙananan yagewa a cikinsa da ciwon da ke biyo baya kwana biyu ko uku. Tseren Transvulcania na La Palma ya shahara a kan haka. Ana tashi daga hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Fuencaliente a kudancin tsibirin, a bakin ruwa, a haura har Roque de los Muchachos, sama da mita 2,400. Daga nan sai a zubo ƙasa gaba ɗaya zuwa tashar ruwan Tazacorte cikin abin da bai kai kilomita 20 ba. Kuma ba a nan ake gamawa ba, sai an sake haurawa zuwa garin Los Llanos de Aridane da cinyoyin da suka riga suka mutu.

Sai teku kansa. A yawancin gaɓoɓi ruwa na cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, kuma cikar ta fi ƙarfi lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika. Ba a hankali yake hawa bai ɗaya ba. Daga janyewa zuwa cika awa shida ne da ɗan kai, amma rabin ruwan kan shigo ne a awa ta uku da ta huɗu. Wato mutum zai iya ratsa wani lungu da safe ƙafarsa a bushe, ya juyo ya tarar hanya ta ɓace, gabansa ruwa, bayansa katangar dutse. Abin ya danganta da wuri. A tsibirin Jersey da ke tsakanin Ingila da Faransa bambancin cika da janyewa kan kai wajen mita 12, a Bahar Rum kuwa da kyar ake lura da shi. Wanda zai bi gaɓar da ke da wannan hali, jadawalin ruwa zai fara dubawa kafin ya ɗaura takalmi.

Iska kuma ba ta da abin da zai tare ta. Tana busar da gumi har ka manta kana zubar da ruwa da gishiri, idan kuma ka tsaya da jiƙaƙƙiyar riga sai sanyi ya kama ka nan take. Saboda haka manyan tseruka ke tilasta kayan da dole kowa ya goya: rigar ruwa, fitilar goshi, usur, waya, ruwan sha, da wani siririn bargo mai ƙyalli da ke riƙe ɗumin jiki. Ana bincike, wanda aka kama babu ana iya cin tararsa da lokaci ko a kore shi. Masu ganin abin takura ne su tuna tseren lardin Gansu na ƙasar Sin a watan Mayun 2021, inda yanayi ya juya farat ɗaya, sanyi ya kashe masu gudu 21.

Ba duk mai gudun turba ne ke shiga gasa ba, da yawa don nishaɗi suke yi, kuma ba kowane tsibiri ne ke da tsaunuka masu tsayi ba. Menorca ta Sifaniya, wadda tudunta mafi tsayi mita 358 ne kacal, tana da turbar Camí de Cavalls mai tsawon kilomita 185 da ta kewaye tsibirin kaf. Tsohuwar hanya ce da mahaya dawaki ke bi suna gadin gaɓa, yanzu an raba ta zango 20, kowa ya ɗauki wanda ƙarfinsa zai iya. Arewacinta ya fi tsauri da iska, kudancinta farin dutse ne da kwazazzabai masu gangarawa cikin 'yan lungunan ruwa. Da yake hanyar na ratsa gonaki da makiyaya, akwai ƙyauren itace birjik a kanta, kuma dole duk wanda ya buɗe ya rufe, ko da kuwa tsere yake yi. A wasu wuraren ma sai da izini. Turbar Kalalau da ke gaɓar Na Pali a tsibirin Kauai na Hawaii kilomita 18 ce zuwa kawai, kuma duk wanda zai bi ta har ƙarshe sai ya nemi takarda tun kafin ranar, ko da a yini ɗaya zai je ya dawo.