Ɗaukar hoto don sha'awa

Ɗaukar hoto don sha'awa ita ce mutum ya riƙa ɗaukar hotuna domin jin daɗin kansa, ba don neman abin sakawa a bakin salati ba. Kuɗi ne ya raba mai sha'awa da mai sana'a, ba gwaninta ba. Akwai masu sha'awar da suka fi ƙwararru iya sarrafa haske, akwai kuma wanda iyakarsa ya ɗauki 'ya'yansa ranar biki, kuma duk sunan ɗaya ake kiran su da shi. Kaso mai yawa na tarihin hoto aikin irin waɗannan mutane ne.

Asali

Tun kafin a san yadda za a kama hoto a ajiye, an san cewa idan haske ya ratsa ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu, yakan nuna abin da ke waje a jikin bango, kai a ƙasa. Ibnul Haisam, masanin da aka haifa a Basra ya rasu a Alƙahira, ya yi bayanin haka a littafinsa Kitabul Manazir a farkon ƙarni na 11. Hoton kyamara mafi tsufa da ya rage a yau shi ne wanda Nicéphore Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa a Faransa, a 1826 ko 1827. An daɗe ana cewa sa'o'i takwas ya ɗauka yana shan haske, amma wasu masu bincike suna ganin kwanaki ya yi. A watan Agustan 1839 gwamnatin Faransa ta bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre. A Ingila kuwa William Henry Fox Talbot ya yi rajistar tasa dabarar a 1841, wadda ke ba da damar a fitar da kwafi da yawa daga hoto guda. Shi kansa Talbot mai hali ne da ke binciken kimiyya don sha'awa, kuma rashin iya zane ne ya tura shi neman hanyar da haske zai yi masa zanen.

A wancan lokaci abin na masu kuɗi da lokaci ne. Dabarar da Frederick Scott Archer ya fitar a 1851 tana buƙatar a shafa wa gilashi sinadari, a ɗauki hoton, a wanke shi kafin ya bushe, duk cikin 'yan mintoci. Wanda zai ɗauki hoto a daji sai ya tafi da tanti da kwalabe. Duk da haka an samu masu naci. Julia Margaret Cameron tana da shekara 48 lokacin da aka ba ta kyautar kyamara a 1863. Da gangan take barin fuskokin da ta ɗauka da ɗan dishi-dishi, ƙwararrun zamaninta suka riƙa yi mata kallon wadda ba ta iya ba. A yau ana lissafa ta cikin manyan masu ɗaukar hoton fuska na ƙarni na 19. An kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Landan a 1853, ta Faransa kuma a 1854.

Kodak da sauƙaƙa aiki

Busasshen farantin gilashi da Richard Leach Maddox ya gabatar a 1871 ya raba mutane da ɗawainiyar tanti. Amma George Eastman ne ya kai kyamara hannun wanda bai san komai game da sinadari ba. A 1888 ya fitar da Kodak, ɗan akwati da ake sayarwa dala 25, da fim ɗin hoto 100 a ciki. Idan fim ya ƙare sai a aika akwatin dungurungum zuwa masana'antar kamfanin a birnin Rochester na Amurka, a biya dala 10, a wanke hotunan, a sa sabon fim, a mayar wa mai shi. Hotunan a kewaye suke fitowa, ba masu kusurwa huɗu ba. Taken tallar kamfanin shi ne, kai dai danna maɓalli, sauran aikin namu ne.

Dala 25 ba ƙaramin kuɗi ba ne a lokacin. A 1900 sai aka fito da Brownie, kyamarar kwali ta dala ɗaya, wadda aka riƙa tallata wa yara. Daga nan kundin hotunan iyali ya zama ruwan dare, aka fara samun hoton mutane suna dariya, suna wasa, suna tafiya, maimakon tsayuwar ƙiƙam ta shagon mai hoto. Kyamarar Leica, wadda Oskar Barnack ya ƙirƙira a Jamus, ta shiga kasuwa a 1925 da fim mai faɗin milimita 35. Fim mai launi na Kodachrome ya zo a 1935, sai Polaroid mai fitar da hoto nan take a 1948.

Shin hoto fasaha ne?

An daɗe ana wannan gardama. A 1859 marubucin Faransa Charles Baudelaire ya soki hoto, yana ganin iyakarsa ya zama bawan kimiyya da fasaha. Hujjar masu suka ita ce na'ura ce ke yin aikin. Masu kare shi suka ce zaɓen abin ɗauka, da inda za a tsaya, da lokacin danna maɓalli, duk na mutum ne. Kotun ƙolin Amurka ta karkata ga wannan ra'ayi a 1884, inda ta yanke cewa hoto yana iya samun haƙƙin mallaka.

Yawaitar ƙananan kyamarori ta sa masu sha'awa na gaske suka nemi bambanta kansu da gama-gari. Ƙungiyar Linked Ring a Ingila (1892) da Photo-Secession ta Alfred Stieglitz a Amurka (1902) sun riƙa sarrafa hoto har ya yi kama da zanen hannu. Daga baya aka juya wa salon baya. Ƙungiyar f/64, da Ansel Adams da Edward Weston da wasu suka kafa a 1932, ta dage a kan hoto tangaran, mai fitar da komai daki-daki. Gidan adana fasahar zamani na New York ya buɗe sashen hoto a 1940.

Wani lokaci sai bayan shekaru ake gane darajar abin da mai sha'awa ya tara. Jacques Henri Lartigue ya fara ɗaukar hotunan 'yan'uwansa da na motocin tsere tun yana ƙaramin yaro, amma sai a 1963, yana dab da shekara 70, aka baje kolin hotunansa a wancan gida na New York. Vivian Maier renon yara ta yi a Chicago shekaru da dama, tana ɗaukar hotunan mutanen titi ba tare da ta nuna wa duniya ba. An yi gwanjon kayanta a 2007 saboda bashin kuɗin ajiya, aka tarar da hotuna sama da 100,000, wasu ma ba a wanke fim ɗinsu ba. Ta rasu a 2009. An yi taƙaddama kan wanda ke da haƙƙin mallakarsu, da kuma dacewar wasu su zaɓa mata abin da za a nuna.

Zamanin dijital

Steven Sasson, injiniya a Kodak, ya haɗa kyamarar dijital ta gwaji a 1975, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta naɗi hoto guda a kaset. Wayoyi masu kyamara sun bayyana a Japan wajen 1999 zuwa 2000. Kodak ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a 2012. Yanzu galibin hotuna da waya ake ɗauka, ko da yake wasu matasa sun koma wa fim.

Daraja a kasuwa

Tunda ana iya fitar da kwafi ba adadi, masu saye sun fi daraja kwafin da mai hoton ya wanke da kansa a lokacin da ya ɗauka, ko wanda aka ƙayyade yawansa aka sa masa hannu. A 2011 an sayar da wani hoton kogin Rhine na Andreas Gursky a kan kusan dala miliyan 4.3. A watan Mayun 2022 wani hoto da Man Ray ya ɗauka a 1924 ya kai dala miliyan 12.4 a gwanjon kamfanin Christie's. Hotunan iyali ba safai suke yin kuɗi ba, amma masana tarihi suna amfani da su wajen nazarin tufafi, gine-gine da zaman yau da kullum, shi ya sa wasu ɗakunan adana kayan tarihi suke karɓar tsofaffin kundaye ko da ba a san wanda ya ɗauka ba.